Ranar da Aka Ja Gungunmu da Igiya

Jiya bayan azahar tuwo ya yi mini yawa, na ɗan kishingiɗa, sai na yi wani mafarki. Wai ga ni a bakin kogi, daura da Gungun Dorina, tsibirin da aka binne cibiyata, na sha babbar riga ina rungume da jakar takardu. Shekara tara rabona da wurin. Amma fa littafi biyu na rubuta a kansa, kuma duk taron al'adu da za a yi a birni, ni ake kira in yi jawabi.

Na tarar ci gaba ya riga ni isowa. An gina gada mai kyau, ta tashi daga tsakiyar ruwa ta sauka a tsakiyar ruwa. Bakin gaɓa kuwa an shafa wa ruwan kwalta don kada baƙi su jiƙe.

A gindin gadar akwai ofis. Shugabar ofishin wata tarwaɗa ce a cikin daro, da tabarau.

"Ɗan asali ko baƙo?" in ji ta.

"Haba, ranki ya daɗe! Ni ne fa Jatau." Na dire mata littattafaina.

Ta shinshina su ɗaya bayan ɗaya. "Ba su da ƙarni. Baƙo."

Sannan ta yi mini bayani a natse. Masu yawon buɗe ido sun koka da nisa, saboda haka da la'asar za a ja tsibirin da igiya a kai shi ƙofar wani otal a babban birni. Duk wanda aka tafi da shi ya zama kayan kallo har abada. "Mai uwa a ciki ya kira jirgin gidansu ta fito," ta ce, ta nutse.

To, a wurinmu kowane gida da kiransa. Ka tsaya a gaɓa, ka kare baki da hannu ka kwarara shi, kwale-kwalen gidanku zai taso ko da abinci ake ci. Ba mai amsa kiran wani gida. Babi guda na ɓata ina yabon wannan al'ada. Kiran kansa ne kawai ban rubuta ba, don a ganina wane sakarai ne zai manta da kiran gidansu?

Sai ga ni a gaɓa. Dattawan gungu na ta tuɓe kwat suna ɗaura fata, don al'ada daga ƙarfe takwas take farawa ta tashi ƙarfe huɗu. Na hango ƙanin mahaifina, Baba Makau, riƙe da mashi ana ɗaukarsa hoto.

"Baba, don Allah tuna mini kiran gidanmu."

Ko kallona bai yi ba. Ta gefen baki ya ce, "Ɗana, a bakin aiki nake. An hana kayan tarihi magana da 'yan kallo."

Can tsallake ga Inna Tabawa, mahaifiyata, zaune a cikin jirginmu da ƙullin kayanta, filafili a cinya, ta kafa hannu a bayan kunne. Ta tsufa ƙwarai. Wallahi tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na kare baki, na cika ciki da iska, na saki murya. Abin da ya fito shi ne: "Mai girma shugaban taro, manyan baƙi, 'yan jarida!"

Kifaye suka ɗago kai suka tafa.

Na sake gwadawa. "Kamar yadda na faɗa a babi na huɗu!"

Wata tirela ta fara ja da baya, aka ɗaura igiya a jikin tsamiyar tsibirin. Na yar da jaka, na tuɓe babbar riga, na shiga ruwa har gwiwa. A karo na uku rabin kiran ya fito, na gaske, irin wanda nake yi da an tashe mu daga makaranta. Inna ta ɗago kai. Ta tsoma filafili a ruwa, ta tsaya jiran sauran.

Babu sauran. Na cike gurbin da tari.

Ta saurara, ta saurara, sannan ta mayar da filafilin cinya. Na ji maganarta sarai, kamar a gefena take. "Ba namu ba ne. Amma muryar kamar ta Jatau. Allah sarki."

Tirela ta ja. Tsibirin ya bi ta a hankali kamar saniyar da za a kai kasuwa, jirgin Inna na biye a baya. Ina tsaye ina kuka sai tarwaɗa ta iso a daronta ta miƙo mini lambar yabo ta gwarzon kare al'adun gargajiya. Ni kuma, don rashin kunya, na sa hannu biyu na karɓa, har na juya aka yi mini hoto.

Ƙarar ƙarfe ce ta tashe ni. Mai ruwa ne a layinmu, yana bugun kurarsa. Na zauna a bakin gado na gwada kiran a hankali, ya kai rabi ya tsaya daidai inda ya tsaya a mafarkin. Na leƙa taga na ce, "Mai ruwa!" Shi kam kira ɗaya na yi ya zo.