Ranar da Na'Allah Ya Ƙi Sare Dodo

A shekarar fari ta tamanin da huɗu, gero ya bushe a gonakin Kamarawa tun bai kai gwiwa ba. Maza suka rasa aikin yi, sai zaman gindin tsamiyar bakin kasuwa daga hantsi har la'asar. A nan ne Sodangi tela, wanda kekensa ya yi wata uku bai ga ƙyalle ba, ya ƙirƙiro wani wasa don rage wa mutane tunani.

Shi ke ba da labari, amma kowa da wanda yake zama a ciki: wani maharbi, wani boka, wani aljani mai tashi sama. Idan mutum ya faɗi abin da zai yi, sai a watsa ƙwallayen dabino biyar da aka ƙona wa gefe guda. In baƙin ya fi yawa ya yi nasara, in farin ne ya faɗi. Ba a sa ko kwabo, shi ya sa liman bai hana ba.

Na'Allah, wani manomi ƙato mai babbar murya, shi ne Jarumi. A labarin, ruwa ya ƙare a duniya sai rijiya ɗaya a bayan duwatsu bakwai, Dodo kuwa na zaune a bakinta. Wanda zai zama Dodon ne aka rasa.

Wata Laraba sai ga Labbo, makiyayi daga rugar yamma da gari, ya biyo ta wurin. Mako biyu kafin nan an yi cacar baki a rijiyar gari har aka hana makiyaya shayar da shanu a can, kuma Na'Allah ne ya fi kowa ɗaga murya ranar.

"Ga Dodo ya kawo kansa," in ji Na'Allah. Aka bushe da dariya.

Labbo ya jingine sandarsa a jikin tsamiya. "In wurin zama kuka ba ni, za ni zauna."

Kwana shida ana tafiya cikin labari. Jarumi ya ƙone dajin Dodo, ya kashe 'ya'yansa uku da suka tare hanya, ana ta shewa. Duk lokacin da Sodangi ya juya ya ce, "Dodo, mi za ka yi?" amsar Labbo ɗaya ce: "Ina zaune bakin rijiyata."

Rana ta bakwai har masu tallan fura suka sauke ƙwaryarsu suka tsaya kallo. Jarumi ya haye dutse na ƙarshe, ya zare takobi. Aka watsa ƙwallaye, duka biyar suka faɗi baƙi.

"Takobinka na wuyansa," in ji Sodangi. "Dodo, kana da magana?"

"Guda ɗai," in ji Labbo. "Jarumi, rijiyar nan ni na gina ta da farcena. Kwana bakwai kana tahiya, ka ƙone min daji, ka kashe min ɗiya. Ko sau guda ka yi sallama ka ce in ba ka ruwa?"

Sai Wakili mahauci ya ce daga baya, "Sare shi! Ai Dodo ne. Mugu mugu ne."

Na'Allah bai motsa ba. Ya dubi Sodangi. "Tun da muka fara, wa Dodon nan ya ci?"

Sodangi ya sosa ƙeya. "Babu kowa."

"Ni fa?"

"Kai ka kashe uku."

Gardama ta kaure. Wasu na cewa wasa ne, dokarsa a kashe Dodo. Wasu na cewa in haka ne, to wa ya zaɓa masa sunan? Na'Allah ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Na mayar da takobi kube," ya ce. Muryarsa ta ragu yadda ba a saba ji ba. "Salamu alaikum, mai rijiya. Ƙishirwa muke ji."

"Wa alaikumus salam. Ga guga nan," in ji Labbo.

Sodangi bai tanadi labarin da zai biyo bayan wannan ba. Kafin ya samo, Labbo ya gyara zama ya ce yanzu ba Dodo ke magana ba. Akwai tsohuwar rijiya da kakansa ya gina a fadamar da ke kan hanyar Turba, yashi ya binne ta tun yana yaro. Ya san wurin, kusa da wata giginya mai karkata. Maza huɗu suka rage a rugarsu, ba su iya tone ta su kaɗai, kuma bayan abin da ya faru bai ga fuskar da zai roƙa ba.

Washegari da sassafe mutum ashirin da uku suka fita da fartanya da kwanduna. Kwana takwas suna kwasar yashi, wasu suka sare suka koma gida. A rana ta tara Na'Allah ne a ƙasan ramin, Labbo na riƙe da igiyarsa a sama. Can sai aka ji ƙaton ya kurma ihu, har Labbo ya tsorata ya fara ja.

"Kar ka ja ni!" in ji Na'Allah. "Laka! Wallahi laka ce! Turo guga!"

Gugan farko ya fito rabi ruwa rabi taɓo. Hajjo matar Labbo ta rangaɗa guɗa, matan gari suka karɓa mata. Kafin azahar tuluna sun yi layi har gindin giginya, a ɗaya gefen kuma shanu goma sha ɗaya da suka rage wa Labbo sun kafa kai a kwamin shan ruwa. Da aka jawo Na'Allah, jikinsa duk taɓo, ya zauna a bakin rijiyar yana haki yana dariya. Labbo ya cika ƙwarya ya miƙa masa, ya shanye tas bai ko jira ruwan ya kwanta ba.