Garwar Wada

Sa'adatu ta dire garwar a ƙarshen layi, ta ja baya ta jingina da bangon bazan tana gyara mayafi. Rana ba ta gama hawa duwatsun Jarwal, wata unguwa a Makka, ba, amma ƙasa ta fara zafi a tafin ƙafa.

Bazan ɗin tsohon ginin dutse ne, ruwansa daga magudanar Zubaida yake gangarowa, unguwar duk a nan take sha. Gefe guda akwai famfon mata, na masu tulu da buta. Sauran na 'yan garuwa ne, masu kai wa manyan gidaje, sanda a kafaɗa, garwa biyu na reto.

Mijinta Wada ɗaya ne daga cikinsu. Ya zame a matattakala ya karye, yana kwance an yi masa ɗori. Ƙananan gidajen da yake kai wa ruwa tuni aka raba wa wasu. Saura gidan mai yadi, dogon benen da suke cin abinci da shi, shi ma Tsoho Mailafiya, shugaban bazan, ya aiko cewa yau zai ba wani ɗan garuwa, Ɗan'auta.

"Wannan ai garwar Wada ce," in ji Ɗan'auta, yana taɓa ta da ƙafa. Ya waiwayo. "Hajiya, famfon mata yana can."

"Na gan shi."

Tsoho ya ɗago daga carbinsa. "'Yar nan, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

"To me ya kawo ki layin maza?"

Ta dubi ƙasa. Muryarta ba ta saba fita a cikin mutane ba, sai da ta maimaita. "Ruwan gidan mai yadi zan kai."

Aka yi dariya. Wani ya ce a ba ta sanda da rawani, a gama magana.

"Ba da sanda ba," ta ce. "A ka."

"Randunan gidan nan a ƙoli suke," in ji Ɗan'auta. "Ni da nake namiji sai na huta a hanya."

"Rijiyarmu a Ɗambatta ta fi nan da Harami nisa." Ta juya wajen Tsoho. "Baba, maigidana ya gaya mini a nan garwa ke riƙe layi, ba mutum ba. Ku tafi salla, ku tafi shan shayi, garwa na nan, ba mai tsallake ta."

"Haka ne."

"To garwarsa ta zo."

Tsoho ya daɗe yana shafa gemu. "Ɗayyib, na yarda. In randunansu sun cika kafin azahar, gida na Wada ne. In ba su cika ba, halas, magana ta ƙare, kada a zo mini da kuka."

Da layi ya zo kanta ta tara, ta naɗe tsumma ta yi gammo, ta durƙusa. Garwar ta ƙi tashi. Mazan suka tsaya kallo, har Ɗan'auta ya yi tsaki ya ajiye sandarsa ya ɗora mata. "Yalla, maza, kin tare famfo," ya ce.

Ta bi lungu tana takawa a hankali, ruwa na ɗiga a bayan wuyanta. A ƙofar maƙwabta ta ga wani ɗan garuwa ya tsaya, ya ɗaga murya, "Ɗariƙ! Ya Sattar!" kafin ya hau. Ta ɗauka haka ake shiga da ruwa. Ba ta so a ce matar Wada ba ta san aiki ba, don haka a gindin matattakala ta ja numfashi, ta kausasa murya iya ƙarfinta.

"Ɗariƙ! Ya Sattar!"

Sai ta ji gudu a sama, takalma na faɗuwa, ƙofofi na bugawa. Ta hau, ta hau. Da ta isa ƙoli ba kowa, sai tukunyar shinkafa tana ƙauri a kan wuta. Ta juye ruwan a randa.

Labule ya motsa. Wata dattijuwa ta leƙo da ido ɗaya, ta tsaya, ta yaye labulen gaba ɗaya.

"Hurma! Ku fito, mace ce."

Matan gidan suka fito daga ɗakin ajiya, gumi sharkaf, suna dariya har da riƙe ciki. Da Larabcinta na kasuwa Sa'adatu ta fahimci daga maganarsu cewa kiran na maza ne, don mata su ɓuya a ba su hanya. Kunya ta rufe ta, ta ɗauki garwa ta sauka.

Sawu na biyu ta hau shiru. Matan na zaune babu lulluɓi, ɗaya na tsefe kai, ba wadda ta motsa. Ta yi ta jigila, rana na ƙaruwa, wuyanta kamar an zuba barkono. Sau ɗaya ta tsaya a tsakiyar matattakala, duhu ya gifta mata, ta dafa bango har ya wuce. Randar ƙarshe ta cika ba a kira salla ba.

Uwargidan ta miƙa mata kofin ruwan sanyi. "Kullum sai mu tsere kamar kaji mu bar abinci a wuta. Gobe ke za ki zo. Ko mijinki ya warke, ke. Gidan ƙanwata ma, ga shi can tsallake."

"Gidan nasa ne, Sitti."

"Nasa ne. Ke ki kawo."

Ta biya ta bazan, Tsoho ya gyaɗa kai kawai. A ɗaki ta tarar da Wada ya jingina da bango, ƙafa a miƙe, idonsa a kan ƙofa.

"Sun cika?"

"Sun cika."

Ya sauke ajiyar zuciya. "Sun saba da ni ƙwarai a gidan nan. Sun tambaye ni?"

Ta kife garwar a lungu, ta zauna tana murza wuya.

"Sun tambaya. Sun ce ka kwanta ka warke sosai, babu gaggawa."