Saiwar da Ta Huda Baho

Munzali na ɗora baho na tara a kan amalanke lokacin da kawunsa Badaru ya shigo lambun tare da mai unguwa. Shekara uku ke nan da kawun ya ara masa wannan gefen fadama a bayan garin Daura. Yanzu ya ce yana son wurinsa, da duk abin da ke ciki.

Fure Munzali ke nomawa, kirisantimam, wanda masu ƙawata wurin biki ke saye. Uwar shuka ake raino, a riƙa yanko rassanta ana dasawa. Wanda ya rasa uwar ya rasa sana'ar.

Mai unguwa ya maimaita abin da kowa ya sani, cewa duk shukar da ta kafa saiwa a ƙasar mutum ta mai ƙasa ce. Munzali ya ce ya ji. Kunya biyar da ke ƙasa, waɗanda tsutsa ta cinye rabinsu, ya bar wa kawu. Sauran kuwa a bahuna suke, cikin yashi da ƙonannen buntun shinkafa, bisa katako. A ruwa yake jiƙa musu taki.

"Ka gani ko, ranka ya daɗe? Yaro ya gudu daga makaranta ya zo yana noma a bahon wanki," in ji Kawu Badaru.

"Bahon wankin dai ya fito da kai har da shaida, Kawu."

Saura baho ɗaya, na farar uwa, wadda ta fi duka ba da rassa. Katako bai ishe ta ba, a ƙasa ta zauna tun damina. Munzali ya ɗaga, bahon ya ƙi ɗaguwa. Saiwa ta bi ta hudar da ruwa ke zurara, ta nutse cikin ƙasa.

Kawu Badaru ya durƙusa ya leƙa, ya yi murmushi. "Wannan ta zaɓi gida."

Mai unguwa ya sosa gemu, ya ce magana ɗaya ce, ba ta canzawa.

Munzali ya san in aka datse saiwar a wannan zafin rana, uwar tana iya yanƙwanewa kafin ya kai gida. Ya zaro rezar da yake yankan rassa da ita, ya karkata bahon da gwiwa, ya yanke saiwar daidai bakin hudar.

"Ga taka nan a ƙasa, Kawu. A riƙa ba ta ruwa safe da yamma."

Ya tuɓe rigarsa, ya tsoma ta a rariyar ban ruwa, ya lulluɓe farar uwar. Sannan ya tura amalanken a hankali, yana kauce wa ramuka.