Salular da Ta Ci Rago

Ran kasuwar Tawa, Attahiru ya ɗauki salular da ɗiyarsa Jannatu ke so, yana jinjina ta a hannu.

"Kaltumi, wannan za ta cinye mana rago guda? Ko nauyi babu!"

"Malam, a gwada tukuna," in ji matarsa.

Mai shago ya sa layinsa, Jannatu ta kira wanta Nafi'u da ke Abijan. Sai ga fuskarsa, rungume da jaririn da aka raɗa wa sunan Attahiru, wanda ba su taɓa gani ba.

Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Ja'iri, bayan suna har kunnuwana ya kwashe! Jannatu, je ki kwanto ragon nan."