Rigar Sanyi a Watan Agusta

Tun a ƙofar gida Ginette ta gane. Fabrice, ɗanta tilo, ya ɗaga but ɗin mota zai tura akwatinta, sai ta hango rigar sanyinta mai gashi a wuya, an naɗe ta an danne da kwandon guzuri. Agusta fa ake ciki, kwalta har narkewa take. Wa ke zuwa hutu birnin Lyon da rigar hunturu?

Ta san zancen. Tun ranar da ta manta tukunya a wuta har maƙwabta suka kira 'yan kwana-kwana, surukarta Solène ba ta da waƙa sai ta gidan tsofaffi. Ginette ta shiga mota ta ɗaura bel, ta ƙudurta a ranta ko kuskure ɗaya ba za su gani ba a tafiyar nan, dole su mayar da ita gidanta na ƙauye, inda tumatirinta yake da kabarin mijinta Armand.

Ta kuwa yi ƙoƙari, baiwar Allah. A Lyon suka hau tudun Fourvière, gwiwoyinta kamar ana zuba musu yashi, ba ta nemi wurin zama ba. Suka ratsa lungunan tsohon gari, fitsari ya matse ta har idonta ya kawo ruwa, ta daure. Lambar ɗakin otal ma a tafin hannu ta rubuta, tana leƙawa a ɓoye.

Solène kuwa bakinta bai huta ba. Irin matan nan ne masu cizo suna murmushi.

"Mama, yau wace rana ce?"

"Laraba, 'yar nan. Ke kin manta ne?"

"Kai, Mama akwai kai! Fabrice, ka ji ta? To matso jikin gadar nan in ɗauke ki. A samu masu kyau na manna miki a bango."

"Wane bangon?"

"Bango dai, Mama. Yi dariya mana."

Ginette ta yi dariyar. Fabrice yana can gefe ya duƙufa kan taswira, sai ka ce shi aka ba kwangilar sake zana garin.

Ranar Lahadi suka ci babban abincin rana a wani tsohon gidan abinci mai zanen tebur ja da fari. Aka kawo dunƙulen kifi yana ninƙaya cikin miyar jatan lande, aka biyo da hanji gasasshe, sannan cuku. Ginette ta riƙe wuƙa da cokali da dukan ƙarfinta don kada a ga rawar hannunta. Ɗigo ɗaya bai taɓa rigarta ba. Tsoro ya hana ta jin ɗanɗanon komai, amma ta share farantinta tas da gutsuren burodi, ta yaba wa mai dafawa.

Da aka cika kofunan giyar inabi, ita ta fara ɗaga nata.

"Allah ya mayar da mu gida lafiya. Mu uku."

Solène ta ƙwanƙwasa kofinta da sauri ta kurɓa. Fabrice ya miƙo nasa, idonsa na kan cuku. Ginette ta janye hannu. Ita ta koya masa abin nan tun yana shan ruwan tuffa a kan cinyar ubansa: ba a haɗa kofi ido na ƙasa, mai ɓoye ido yana ɓoye magana.

"Fabrice, haka na koya maka? Dube ni."

"Haba Mama, mutane na kallonmu."

"Su kalla. Dube ni, ɗana."

Ya ɗago. Ya zuba mata idanun nan irin na Armand, bai ƙifta ba, har da ɗan murmushi. Kofuna suka yi ƙara.

"Gida lafiya, Mama. Mu uku."

Wayyo, daɗin da ta ji! Nan take yunwa ta taso mata. Ta ci kek mai jan sukari yanka biyu, ta ba su labarin yadda Armand ya faɗa kogin Saône ranar da ya fara neman ta, ta yi dariya har da hawaye. Rigar sanyi kuwa, ta ce a ranta, ƙila wankin inji za su kai mata.

Washegari mota ba ta hau babbar hanyar gida ba. Ta tsaya a bayan gari, gaban wani farin gini mai furanni da ƙofar da sai an danna lamba take buɗewa. Wata ma'aikaciya ta fito da fara'a, ta nufo Ginette.

"Madam Vacher! Sannu da zuwa. Tun watan Mayu ɗakinki ke jiran ki."

Tun Mayu. Ashe duk hawan tudun nan da riƙe fitsarin nan, ba mai duba sakamako.

Solène ta rataye rigar a kabad, ta jera hotunan da ta wanko a kan gado. Fabrice ya sumbaci kumatunta, dama da hagu, ya sake duban ta ido cikin ido.

"Za mu riƙa zuwa, Mama. Kullum."

Bai ƙifta ba.

Da rana aka zaunar da ita a teburin cin abinci. Wani tsoho mai ƙyalle a wuya ya ɗaga kofin ruwansa na roba, ya miƙo mata, yana neman idonta da ladabi. Ginette ta haɗa kofinta da nasa, idonta na kan faranti.