Sha Biyu Ga Watan Tara

Ƙarfe biyu direba zai tashi zuwa hedkwatarmu a Kaduna, kuma takardar korar Mudi tana cikin jakarsa. Na san haka don ni na buga ta da hannuna.

Sunana Risikat, a Funtuwa aka haife ni, mahaifina Alhaji Ganiyu mai sayar da kayan keke. A 1984 ni ce mai buga bayanai a ofishin aikin gona. Takardun ƙauyuka nake bugawa a faifai, sai wani shirin kwamfuta da muke kira Dillali ya kwashe su ya zuba a rumbun babbar kwamfuta. Dillali ba ya tambaya, duk abin da ka miƙa masa kai wa yake.

Mudi malamin gona ne a Tsiga. Kwamfuta ta ce ya raba wa manoma irin masara ranar sha biyu ga Satumba, lokacin da masarar mutane ta riga ta yi goyo. Oga Romanus, shugaban sashenmu, ya ce wannan ba sakaci ba ne, ɓoye irin ya yi.

Tun hantsi Mudi yake zaune a benci bakin ƙofata, hularsa a gwiwa.

"'Yar Alhaji, wallahi da ruwan farko na raba. Ki je Tsiga ki ga gonakin."

"Ni ba gona nake dubawa ba, Malam Mudi, takarda nake dubawa."

Na faɗa da zafi, don tsoro nake ji. Amma maganarsa ta ƙi fita daga raina. Ƙarfe ɗaya saura na shiga sito, na zazzage kwali uku kafin na samo takardun Tsiga. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: rana 12, wata 9. Ban yi kuskuren bugu ba. Har zan mayar, sai na ga rubutun ajami a gefe, ƙanana kamar sawun kaza. Allah ya saka wa malamarmu ta Islamiyya, na karanta: an raba bayan la'asar, kafin shan ruwa.

Shan ruwa a Satumba? Azumin bana a Yuni muka yi shi.

Na fito da gudu wajen Mudi. "Wa ya cike wannan takardar?"

"Malam Shitu, marubucin dagaci. A ƙofar dagaci ake rabo, shi ke rubutawa, don kada a ce na yi son kai."

Watan tara na Malam Shitu watan azumi ne, shi lissafin wata yake bi. Ni na buga tara, Dillali ya kai ta rumbu a matsayin Satumba.

Oga Romanus yana cin doya lokacin da na faɗa ofishinsa ba sallama. Ta taga ina hango direba yana zuba ruwa a lagireto.

"Yallaɓai, a tsai da motar nan."

"Kwamfuta ba ta ƙarya, Risikat."

"Ba ta yi ba, yallaɓai. Ba ta san azumi ba ne."

Na yi bayani sau biyu. Ya jawo kalanda, ya koma Yuni, ya daɗe yana kallo. Mota ta tashi. Sai da ta kai bakin get Oga ya leƙa ya daka wa maigadi tsawa ya rufe.

Da Oga ya yaga takardar korar na fito da ita, Mudi ya sa hularsa, ya yi hamdala har sau uku. Daɗi ya kama ni, har ina tsokanarsa ya kawo mini ɗanyar masara ladan gudu. Ya yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke.

"'Yar Alhaji, to Rabe na Dandume fa, da aka kora wancan watan? Shi ma marubucin dagaci ke cike masa."

Takardar Rabe ma ni na buga ta.