Maɓallai Goma a Ƙoƙon Sikeli

Shekara talatin da ɗaya Tela ta yi tana jin ƙarar duwatsun awo ta bayan labule, har ta kai tana bambance na kilo biyu da na kilo biyar daga yadda suke sauka a kan tebur. Shago ɗaya ne suka raba biyu ita da mijinta. Gaba nasa ne, inda yake gyaran sikeli: na masu kifi, na mahauta, na masu hatsi, har da ƙananan nan na masu zinariya waɗanda numfashi ma ke motsa su. Baya nata ne, keken ɗinki da taga ɗaya da gwangwanin maɓallai. Unguwa na kiransa Mai Sikeli, ita tana ce masa Malam, shi kuma tun suna da ƙuruciya yake tsokanarta da Tela har sunan ya bi ta.

Mutum ne mai jiki, idan yana dariya tumbinsa ma sai ya taya shi. Abu biyu yake taƙama da su a duniya. Na farko hannunsa: ka ɗora masa mabuɗi ko albasa a tafi, zai lumshe ido ya ɗan jijjiga, ya faɗa maka nauyinsa, in aka auna bambancin ba ya wuce giram ɗaya ko biyu. Na biyu ƙa'idarsa, wadda duk wanda ya taɓa kawo masa gyara ya haddace ta ko bai so ba. Ba a ɗora komai a kan sikeli sai an fara dubawa yana kan sifili. Tela ta ji wannan magana ta fi sau dubu, takan ƙarasa masa ita daga bayan labule don ta ba shi haushi.

Zaman lafiya suke yi, irin na mutanen da suka gama faɗansu tun da daɗewa. Yara sun girma sun kama gabansu. Da rana ta yi tsaka sukan ja labulen gefe, su shimfiɗa tabarma a tsakanin tebur da keke, su ci abinci a kwano ɗaya, yana tura mata kifi tana turo masa.

Sai ga gwiwa ta fara damunsa, ga haki in ya hau bene. Likita ta gwada shi ta ce jininsa ya soma hawa, kilo casa'in da takwas ya yi masa yawa.

"Baba, kilo goma nake so ka sauke," in ji ta. "Amma a hankali, cikin wata shida zuwa takwas. Ka rage mai da sukari, ka riƙa tafiya da ƙafa. Ban ce ka daina cin abinci ba."

Tela na wurin, ta ji duka. Shi kuwa Malam lamba ɗaya ya ji, goma. A hanyar gida ya ce, "Wata takwas! Ni in aka kawo mini sikeli da kuskuren kilo goma, sai in ce wa mai shi ya dawo bayan wata takwas? Kuskure ai a ranar ake gyara shi."

"To kai sikeli ne, Malam?"

"Kowa ma sikeli ne, Tela. Abin da ka sa, shi za ka gani."

Wani mai kifi da ya kawo gyara ne ya ƙarasa lalata lamarin. Ya nuna masa wani tsari a waya: ruwan ɗumi da lemon tsami da safe, ƙwai ɗaya da kokwamba da rana, shayi ba sukari da yamma. Shi ke nan abincin ƙato guda. Malam ya rubuta a takarda ya manna a bango kusa da babban sikelinsa, irin na auna buhu, mai faranti a ƙasa da sanda a sama da ake tura dutse a kanta. Ba a ciniki da wannan sikeli, nasa ne na gwaji, yana ji da shi kamar ɗan fari. Kowace safiya sai ya tuɓe takalmi ya hau.

Makon farko abin dariya ne. Kilo uku suka tafi, yana zagaya shago yana shafa ciki yana cewa ta shirya rage wando. Ta rage. Mako na biyu ta sake ragewa, ba ta yi dariya sosai ba. Zuwa mako na huɗu ya dawo kilo casa'in da ɗaya, kuma mutumin da ke gaban labule ba mijinta ba ne. Ana zafi yana neman rigar sanyi. In ya miƙe daga kujera sai ya dafa tebur ya jira jiri ya wuce. Tana tsintar gashinsa a wuyan riga. Ya daka wa wani tsohon mahauci tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Dutsen kilo ashirin da yake ɗauka da hannu ɗaya yana hira, yanzu da hannu biyu yake jansa a ƙasa. Ranar da ta leƙa ta ga ƙaramin sukuru ya kufce masa sau uku, yatsunsa na rawa, sai ta saki labulen ta zauna, keken ma ta kasa takawa.

Tsoro take ji, tsoro sosai. Tabarmar ma ita kaɗai take zama a kai yanzu, shi yana can kan kujera da ƙwansa ɗaya, yana yanka shi gida huɗu don ya ga kamar da yawa.

Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta dafa shinkafa da wake ta bar murfin a buɗe don ƙamshi ya yi aikinsa. Ya yi kunnen uwar shegu da ita.

"Saura uku," abin da yake cewa ke nan. "In na ga tamanin da takwas a kan sandar nan, sai in ci duk abin da kika dafa."

Wannan magana ce ta ba ta dabara. Wanda ya zauna shekara talatin a bayan labulen mai gyaran sikeli ai ba ya rasa sanin wani abu. A ƙarshen sandar babban sikelin akwai wani ɗan ƙoƙo mai murfi yana reto, inda ake zuba gutsattsarin dalma don daidaita sifili. Ta san giram ɗaya a cikin ƙoƙon nan yana cinye giram ɗari na abin da ke kan faranti. Ranar da ya kishingiɗa a benci bayan azahar, barcin yunwa ya kwashe shi, ta ɗebo maɓallan ƙarfe daga gwangwaninta, ta auna su a ƙaramin sikelin zinariya. Guda goma, giram talatin cif, kilo uku ke nan za su cinye. Ta buɗe ƙoƙon ta zuba ta mayar da murfi, tana waige-waige kamar ta shiga gidan mutane sata.

Ta san abin da ta yi. A shagon mutumin da ya sha korar masu son ya karkatar musu da sikeli, ita ce ta karkatar da nasa. Amma ta tabbata dabarar ba za ta kai ko'ina ba. Gobe da safe zai duba sifili, sanda za ta kwanta, zai kama ta. To, su yi faɗan, ko a cikin faɗan ya ji abin da take faɗa.

Washegari ta tsaya a bakin labule tana jira. Ya tuɓe takalmi. Bai kalli sandar ba, bai taɓa ta ba. Ya hau faranti kai tsaye, ya tura dutse.

"Tela! Zo ki gani! Tamanin da takwas!"

Ta zo ta gani. Ko tambayar yadda kilo uku suka ɓace a kwana ɗaya bai yi ba, shi da giram biyu ke hana shi sukuni. Ta ce, "Alhamdulillahi. To yau me zan dafa?"

Ya sauko yana murmushi, ya dafa tebur har jirin ya wuce. "Ki dakata tukuna. Abin da yake tafiya haka, ai hauka ne mutum ya tsaya. Bari in kai tamanin da biyar, likita ta sha mamaki."

Ta je ta hana shi tafiya, ga shi ta ƙara masa gudu da hannunta.

Kwana biyar tana tsayawa a bakin labule kowace safiya, tana roƙon Allah a ranta ya sa mutumin nan ya duba sifili. Kwana biyar bai duba ba. A rana ta shida ya ce mata zuciyarsa ta yi ta bugawa da asuba kamar za ta fito, amma ba komai, ya wuce. Yana faɗa yana tuɓe takalmi.

"Malam," ta ce. "Ba a ɗora komai a kan sikeli sai an yi me?"

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya dube ta, ya dubi sandar. Ya mayar da dutse sifili, ya saki. Sanda ta kwanta ƙasa ta yi ƙas, ba ta ko yi reto ba.

Ya miƙa hannu ga ƙoƙon, murfin ya ƙi buɗuwa saboda rawar yatsu, sai da ya sa duka hannayen. Ya juye a tafinsa. Dalmarsa ce, da maɓallan ƙarfe irin na wandonsa.

"Ni na zuba," in ji ta. "Ka yi mini duk faɗan da za ka yi, na cancanta. Amma kafin nan, ware maɓallan ka faɗa mini nauyinsu."

Ya ware su. Ya lumshe ido, ya jijjiga hannu yadda ya saba. Ta ga maɓallan suna karkarwa a tafinsa suna ƙara ƙasa-ƙasa. Ya daɗe a haka, sannan ya buɗe ido.

"Ban sani ba," ya ce. Ya zauna a kan farantin sikelin, takalmi ɗaya a ƙafa. "Kwana nawa suna ciki?"

"Yau shida."

"Shida." Ya sake faɗa a hankali. "Ni. A shagona."

Ta ɗauka zai yi faɗa, ta ma shirya. Da ta ga idonsa ya cika, sai ta zauna kusa da shi a kan farantin, su biyu, sanda ta ɗaga ta bugi sama. Ba wanda ya kula.

"Tumbin nan ban taɓa kawo ƙararsa wurin kowa ba," ta ce. "Hannun nan na aura, da mutumin da ke cin abinci da ni. Su nake nema."

Ranar ba su buɗe shago ba, asibiti suka nufa. Likita ta saurari ƙirjinsa, ta sa aka ɗebi jini, sannan ta cire tabarau ta dube shi yadda ake duban yaron da ya yi ɓarna.

"Baba, ba kitse kawai ka zubar ba. Ka zubar da ruwa, ka zubar da tsoka, ita ce ƙarfin hannunka. Zuciya ma tsoka ce, kuma tana buƙatar gishirin jikin da ka hana ta. Wasu in sun yi irin wannan gaggawa har tsakuwa ke fito musu a matsarmama. Allah ya taimake ka Mama ta kawo ka yau."

"Ba kawo ni ta yi ba, kama ni ta yi," in ji shi. Wannan ce tsokanarsa ta farko cikin wata guda, Tela ta sunkuyar da kai don kada a ga fuskarta.

Likita ta rubuta masa sabon tsari, ta ce kada ya afka wa abinci gaba ɗaya, a ƙara kaɗan-kaɗan. Cin abinci sau uku, da kifi da wake da ganye, tafiya da yamma, hawa sikeli sau ɗaya a mako. Da ya ɗan koma casa'in da uku ya so ya ɓata rai, Tela ta nuna masa gwangwanin maɓallai da ido, ya haƙura. Takardar mai kifi kuwa da ita ya goge man da ya zube a tebur.

Tabarma ta koma wurinta. Da yamma sukan rufe shago su taka har ƙarshen layi su dawo, yana ƙorafin gwiwa tana ƙorafin surutunsa. Nauyin na sauka rabin kilo a mako, wani makon ma ya ƙi motsi, Malam ya ce bai taɓa ganin gyara mai nawa irin wannan ba. Amma ya daina neman rigar sanyi, kuma ya je har rumfar tsohon mahaucin nan ya ba shi haƙuri.

Wata biyu bayan haka, suna kan tabarma sun gama ci, ta ce ya buɗe hannu. Ta zuba masa maɓallan ta rufe yatsunsa da nata don kada ya ƙirga. Ya lumshe ido. Ya jijjiga sau ɗaya, sau biyu. Maɓallan na kwance a tafinsa, ko ɗaya bai yi ƙara ba.

"Talatin da uku," ya ce. "Kin ƙara ɗaya, Tela. Kin ɗauka ba zan ji ba?"

Ta ƙara ɗaya ɗin kuwa. Ta riƙe hannun nasa da maɓallan a ciki, ta daɗe ba ta sake shi ba.